Kayan sauti da fitilu na haya: yadda ake haɗa su a filin taro ba tare da wuta ta ja kowa ba

Ɗan Kwamiti, wajen Ringim:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna da walimar saukar karatu ranar Asabar ta sama, daga la'asar zuwa bayan isha'i, a filin firamaren ƙauyenmu. Ga abin da mai haya ya lissafa mana: amfilifaya biyu, miksa ɗaya, lasifikar akwati huɗu, lasifikar ƙaho biyu, makirfo marar waya biyu da mai waya ɗaya, fitilun LED takwas masu wat 50, fankar tsaye huɗu, sai janareta mai 5kVA. Daga inda za a ajiye injin zuwa rumfar malamai zai kai mita 40. Ga shi damina ta kankama. Injin zai ɗauka? Kuma me ya kamata mu sa wa ido?

Mai Gyaran Inji, Wudil:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a ce zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba, a yi lissafi. Kada ka kula da babban rubutun da ke goshin amfilifaya, na kasuwa ne. Juya bayanta, kusa da inda wayar wuta take shiga akwai ɗan rubutu da ke faɗin amfiya nawa take ja, wato yawan wutar da take sha. A ƙaddara kowacce an rubuta 6. Ka ninka 6 da bolt 230, wat 1,380 ke nan, biyun kuma 2,760. Fitilu takwas wat 400. Fanka huɗu, a sa kowacce 120, wat 480. Miksa da akwatin makirfo ba su wuce 70 ba. Jimla kusan wat 3,700.

Inji mai 5kVA ba wat 5,000 yake bayarwa ba. Ana ninka shi da 0.8, wat 4,000 ke nan, shi ma idan sabo ne kuma rubutun jikinsa gaskiya ne. Kuma ba a ɗora wa inji kaya har wuya, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ake tsayawa. Wannan injin ya yi muku kaɗan. Ku nemi mai 7.5kVA, wanda zai ba da wat 6,000, kuma ya zama mai AVR, wato abin da ke riƙe ƙarfin wutar kada ta riƙa hawa da sauka. Idan ba a samu ba, a raba: sauti a kan mai 5, fitilu da fankoki a kan wani ƙarami daban.

Mai Lasifika, Bichi:
Lissafin daidai ne, amma a yi wa amfilifaya adalci. Wannan 6 ɗin sai an ƙure ta take ja. A taron karatu da jawabi ko rabi ba ta kaiwa. Abin da ke kayar da ƙaramin inji shi ne fizgar da take yi lokacin kunnawa da lokacin da mai magana ya ɗaga murya. Nan za ka ga fitila ta yi ƙifta, injin ya yi nishi. Shawarar raba injin ta fi kwanta mini, don ko ba komai fanka tana sa ƙugi a cikin sauti idan layinsu ɗaya.

Injiniya, Dutse:
Ni abin da ya fi damuna a tambayar shi ne mita 40 ɗin nan. Inji idan ya gaza mutuwa zai yi, a sake tayarwa. Waya idan ta gaza narkewa take yi, mutane kuma suna zaune a kanta.

Wat 3,700 a kan bolt 230 amfiya 16 ne. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, da fis ɗin cikinsa, 13 ne iyakarsu, wajen wat 3,000. Saboda haka duk wanda ya ce a jona komai a soket ɗaya mai baki huɗu, a ce masa a'a.

Sai kaurin waya. Wuta tana raguwa a hanya gwargwadon tsawo da sirantaka. A amfiya 16 da tsawon mita 40, waya mai 1.5, wato lambar kaurin jijiyarta, tana zubar da kusan bolt 19, mai 2.5 kusan 11 da rabi, mai 4 kuma 7 kacal. Abin da ake iya jurewa kashi 5 cikin ɗari ne, bolt 11 da rabi ke nan, ka ga mai 2.5 tana bakin gaɓa. Idan layi ɗaya za a ja, mai 4 za a sa, a ɗauko ta daga babban soket na injin zuwa akwatin rabon wuta. Idan layi biyu ne, mai 2.5 ta isa kowanne. Kuma ta zama mai jijiya uku a cikin riga ɗaya, ba siririyar nan ja da baƙi da aka murɗe ba.

Abu biyu a duba tun a shagon mai haya. Na farko, a kankare bakin wayar da wuƙa. Idan ƙarƙashin jan ya fito fari, alminiyom ce aka shafa wa tagulla, kuma ba ta ɗaukar abin da aka rubuta mata. Irinta ta cika kasuwa. Na biyu, a bi ta da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda aka ji kumburin baƙin tef, haɗi ne, a kwance a gani. A filin kuma a warware ta duka daga kan abin naɗinta, ko da ba a buƙatar tsawon. Waya a naɗe zafinta ba ya fita, rigar ciki ce take fara narkewa ba wanda ya gani.

Ɗan Kwamiti, wajen Ringim:
Allah ya saka da alheri. Mai hayar ya ce ba sai an kafa ƙarfen at, wanda ake bugawa a ƙasa don wutar da ta yi yoyo ta bi ta cikinsa, ba, tunda inji ne ba wutar NEPA ba. Haka ne?

Baba Mai Wayarin, Gumel:
Ba haka ba ne ɗana. A kafa. Ƙarfe mai rigar tagulla, mai tsawon ƙafa huɗu, a buga shi kusa da injin har ya kusa nutsewa, a ɗaure waya mai 6 da maƙalin ƙarfe, a kai ta kan kusar at da ke jikin firam ɗin injin. Ƙasarmu ta nan yashi ce, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar wuta. A haƙa ɗan gurbi a gindin ƙarfen a zuba ruwa bokiti biyu, da la'asar a ƙara. Gishiri da gawayi na ramin dindindin ne na gida. Taron yini ɗaya ruwa ya isa, gishiri ma cin ƙarfen yake yi.

Injiniya, Dutse:
Baba ya yi gaskiya, amma a ba ni dama in ƙara, don nan ne ake yin kuskuren da ke kashe mutum. Ƙarfen at shi kaɗai ba ya ceton kowa. Abin da ke ceto shi ne birekar yoyon wuta, wadda aka rubuta RCD ko RCCB a jikinta, mai lamba 30mA, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya.

Bireka ta yau da kullum mai 16 tsaron waya take yi, sai wuta ta wuce amfiya 16 take faɗuwa. Wutar da ke iya rikita bugun zuciyar mutum kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Mutum zai iya maƙale a jikin makirfo har rai ya yi halinsa, bireka mai 16 ba ta san ana yi ba. Ita birekar yoyo auna wutar da ta fita ta layif, wayar da ke kai wuta, take yi da wadda ta dawo ta nutural, wayar da ke maido da ita. Da ta ga gibin 30mA, ta san wuta ta bi wata hanya, ko jikin ƙarfe ko jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido.

Mai Gyaran Inji, Wudil:
Injiniya, a nan ina da ja. Yawancin ƙananan injinan fetur nutural ɗinsu ba a haɗe yake da firam ba. Sa tasta a bakin soket, za ka ga duka ramukan biyu suna kawo haske. A irin wannan injin, idan mutum ya taɓa waya ɗaya wutar ba ta da hanyar komawa, shi ya sa masu ƙera shi suka bar shi haka. Kai kuma ka kafa ƙarfe, ka haɗa nutural da ƙasa, ka buɗe wa wutar hanyar bi ta jikin mutum da hannunka. Ina ribar?

Injiniya, Dutse:
Maganarka tana kan hanya, Malam, idan inji ɗaya ne da na'ura ɗaya, kamar mai aski da abin askinsa. Amma a filin taro akwai waya mita 40 a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da fanka huɗu, da amfilifaya, da fitilu a jikin ƙarfen rumfa. A ce wayar fanka ta goge ta taɓa ƙarfen rumfa. Ba abin da zai faɗi, ba wanda zai sani, amma daga wannan lokacin injin ya riga ya haɗu da ƙasa ta inda ba a shirya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaya wayar zai sha bolt 230 cur. Laifin farko ɓoyewa yake yi, na biyu shi ke kisa.

Shi ya sa a taro ake haɗa ukun tare: ƙarfen at a jikin firam, nutural a haɗe da at a wuri ɗaya tak kafin birekar yoyo, sannan birekar. Da haka laifin farko ma yanke wutar zai yi. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, haɗa nutural da ƙasa ba tare da birekar yoyo ba ya fi barin injin yadda yake haɗari. Ko a yi ukun, ko kada a taɓa nutural ɗin. Kuma mai wayarin ne zai yi, a cikin akwatin rabon wuta, ba a buɗe cikin injin haya ba.

Baba Mai Wayarin, Gumel:
To a gwada ta kuma. Maɓallin gwaji da ke jikinta yana nuna cewa ita kanta lafiyarta lau, amma ba ya nuna cewa an haɗa filin daidai. Mai wayarin ya je soket na ƙarshe, mafi nisa, ya sa ƙwan fitila mai zare na wat 15 a cikin mazauninsa tsakanin layif da at. Wannan ƙwan yana jan kusan 65mA. Idan bireka ta faɗi nan take, aiki ya yi. Idan ƙwan ya kama ya zauna, ko bai kama ba kuma ba abin da ya faɗi, akwai gyara, kada a ɗora kaya.

Mai Gyaran Inji, Wudil:
Na karɓa. Bari in ƙarasa zancen injin. Mita 40 ya yi kyau don ƙarar injin. A ajiye shi a fili, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi, ba ta kawo shi kan jama'a ba. Kada tsoron ruwa ya sa a shigar da shi aji ko zaure. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da barci take fara sawa, kuma mai gadin injin ne yake fara kwanciya. A yi masa rufin kwano a sama, gefe huɗu a buɗe, a ɗora shi a kan katako ko bulo.

Mai 7.5 yana shan lita 2 zuwa 3 a awa. Daga la'asar zuwa bayan isha'i a lissafa awa shida, a cika tanki tun farko. Idan za a ƙara mai, lokacin sallar magariba ya fi dacewa: a kashe kaya, a kashe injin, a ba shi minti goma zuwa sha biyar ya huce. Jarkar mai ta zauna nesa da shi da kuma murhun masu girki. Kada a bari mai ya ƙare masa yana ɗauke da kaya, don wannan shessheƙar da yake yi kafin ya mutu ita ke ƙona amfilifaya. Bokitin yashi biyu a gefe. Wutar fetur da ta lantarki ba a zuba musu ruwa.

Idan makarantar tana da layin KEDCO kuma kuna son amfani da shi, sai ta akwatin canji, wanda ke raba layin KEDCO da na inji. Kada a soka wayar inji a soket ɗin bango. Wutar tana komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta, ta samu ma'aikacin da ke kan fal yana ganin an ɗauke wuta.

Mai Lasifika, Bichi:
Sai sauti. Akwatunan nan galibi om 8 ne, om kuwa ma'aunin yadda lasifika take tare wuta ne. Biyu a bakin amfilifaya guda sun koma 4, huɗu sun koma 2. Yawancin amfilifayar haya 4 ne ƙarshen abin da take jurewa a kowane baki, ƙasa da haka zafi za ta yi ta ɗauke, ko ta ƙone. Tunda biyu gare ku, ɗaya ta ɗauki akwatunan huɗu, biyu dama biyu hagu, ɗayar ta ɗauki ƙahonin. A rage wa ƙaho kaurin murya gaba ɗaya a miksa, don ba a yi shi don shi ba, fatar cikinsa yagewa take.

Wani abu da ya kamata a hana ko'ina: sa wa wayar lasifika filogin wutar lantarki don sauƙin haɗi. Cikin duhu wani yaro zai ga filogi a ƙasa ya soka shi a soket, bolt 230 ya shiga lasifika, ko ya koma cikin amfilifaya.

Jerin kunnawa: a ta da inji ba kaya, a ba shi minti biyu zuwa uku, a auna wuta da mita. Ƙasa da 200 ko sama da 250, kada a jona komai. Sai miksa da akwatin makirfo, amfilifaya a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, muryarta a ƙasa. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Idan aka juya jerin, wannan "dum" ɗin da ake ji shi ke kashe ƙaramar lasifikar sama. Idan jar fitilar amfilifaya ta fara zama a kunne, an wuce gona da iri, a sauke.

Kukan da makirfo ke yi kuwa daga mazauni ne. Lasifika ta kasance a gaban mai magana, tana kallon jama'a, makirfo a bayanta. A ɗaga ta sama da kan mutum, mita biyu ko fi. Mai karatu ya kusanto da makirfo bakinsa kamar yatsa uku, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu. Batir sabo a kowanne, da na ajiya a aljihun mai kula da miksa.

Ɗan Kwamiti, wajen Ringim:
Na taɓa jin ana cewa idan lasifika tana ƙugi a cire dogon ƙarfen filogin, sai ta yi shiru.

Injiniya, Dutse:
Don Allah kada a yi. Tana yin shiru, gaskiya ne, amma wannan ƙarfen shi ne at. An cire shi, ranar da wuta ta zubo a jikin amfilifaya, hanyarta ita ce wayar makirfo, ƙarshen wayar kuma leɓen mai magana ne. Maganin ƙugi: miksa da amfilifaya su sha wuta daga akwati ɗaya, a yi amfani da wayar makirfo mai fil uku, kuma kada a shimfiɗa ta kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta. Idan dole su haɗu, su gitta juna su wuce. Duk wanda ya ce makirfo yana ɗan tsikarinsa a baki, a tsayar da taro a duba, ba a naɗa masa hankici a ci gaba ba.

Hajiya Mai Rumfuna, Kazaure:
Sannunku da ƙoƙari. Ku maza hankalinku yana kan rumfar malamai, ni bari in yi maganar ɓangaren mata, don nan yara suke, nan ruwa yake, nan ake zirga-zirga da tire.

Waya kada ta ratsa hanyar da ake bi da abinci. A bi da ita ta bayan rumfa. Inda dole ta tsallaka hanya, ko a ɗaga ta a kan sandar katako ta wuce mita uku, ko a tona ɗan rami a sa ta cikin bututun roba a rufe. Shimfiɗa tabarma a kai ba ya hana ƙafar kujerar ƙarfe yanka ta. Duk soket da mahaɗa a ɗaga su daga ƙasa, a kife musu roba ta yadda ruwa ba zai shiga ba, bakinsu yana kallon ƙasa. Fankar da ragarta ta ɓalle a mayar wa mai ita, mayafi da yatsan yaro take kamawa.

Fitila kuma, ku tabbata LED ɗin aka kawo. Idan aka sauya muku da tsohuwar halojin mai wat 500, zafinta yana cinna wa tamfol wuta, kuma takwas ɗinta wat 4,000 ne, lissafin injinku ya rushe. A ɗaure kowace fitila da ƙarfenta, a ƙara mata ɗaurin waya na biyu, kada a rataye ta da wayar wutarta. Inda waya ta hau ƙarfen rumfa a sa mata roba a tsakani.

Sannan a kewaye gaban lasifika da igiya ko benci, mita uku. Yara suna son zama a gindinta, kunnen yaro kuwa idan ya lalace ba ya dawowa.

Baba Mai Wayarin, Gumel:
Hajiya ta tuna mini. Kafin a sauke ƙarfe ko ɗaya daga mota, a ɗaga kai a dubi sama. Filayen makarantu da yawa babban layi yana ratsa gefensu, mai bolt 11,000 ko 33,000. Wannan ba sai an taɓa shi ba, kusantarsa kawai ya isa ya yi tsalle. Ba a kafa rumfa a ƙarƙashinsa. Ƙarfen rumfa da dogon bututun da ake ɗaura ƙaho a ɗauke su a kwance, mutum biyu, sai an yi nesa da layin a miƙar.

Mai Lasifika, Bichi:
Game da damina: hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iska ce take riga ruwa isowa. Akwatin lasifika a kan ƙafa uku shi ne farkon abin da take kayarwa. A buɗe ƙafafun sosai, a sa katako a ƙarƙashi don kada su nutse a yashi, a ɗora buhun yashi a gindi, a sa fil ɗin ƙarfen da ke riƙe tsayin, ba matsewa kawai ba. Ƙaho a ɗaure shi da igiya ta fuska uku.

A naɗa mutum ɗaya da zai ce a kashe, kuma kowa ya san shi tun kafin a fara. Da an ji tsawa, ba a jiran ɗigon farko: amfilifaya, miksa, bireka, inji, sannan a sauke akwatuna a rufe da tamfol. Jama'a su shiga azuzuwa, kada su fake a rumfar ƙarfe ko gindin bishiya. Kayan da ruwa ya taɓa ba a sake kunna su a daren.

Hajiya Mai Rumfuna, Kazaure:
Idan kuma, Allah ya kiyaye, wuta ta kama wani?

Injiniya, Dutse:
Amin Hajiya. Kada kowa ya cafke shi da hannu. A yanke bireka ko a kashe inji, shi ya sa ake son mutum a tsaye kusa da kowannensu da tocila. Idan sun yi nisa, a ture wayar da busasshen katako, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. Wannan na wutar inji ne da ta gida. Idan babban layi ne, ko da katako ba a matsawa kusa. Bayan an raba shi da wutar a duba numfashi. Idan ba ya yi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya kira 112 ya nemo mota. Ba a ɗura masa madara ko ruwa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Ɗan Kwamiti, wajen Ringim:
Na rubuta duka. Gobe za mu koma wajen mai hayar da maganar inji na biyu, da waya mai jijiya uku, da birekar yoyo. Idan ya ce ba shi da birekar fa?

Baba Mai Wayarin, Gumel:
Kwamiti ya sayi tasa, ana samu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari a Kano. Ku ce mai ƙafa biyu, amfiya 40, 30mA. Ku karanta lambar da idonku, don akwai mai 100mA da mai 300mA, kamarsu ɗaya, amma waɗannan tsaron gobara suke yi, ba tsaron mutum ba. Idan inji biyu za ku tayar, kowanne da tasa birekar da nasa ƙarfen. Ku sa a haɗa ta cikin akwatin roba mai murfi tare da soket huɗu da ƙananan bireka biyu masu 16. Kuma ku ce wa mai hayar ya iso da hantsi tare da yaronsa da ya san kayan, a ƙirga komai a gabansa a rubuta, a kunna a gwada da rana tsaka kafin jama'a su fara zuwa.